DAGA AKWATIN MASU SAURARO: Tarihin Kuɗin Gida, da Inda Ake Kai Kuka In An Yanka Ya Yi Yawa

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu ɗan asalin Tungar Daji, cikin ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ya ce rashin zaman lafiya ya sa ya kwashe iyalinsa ya koma birni, ya sayi ɗan fili ya yi ɗakuna uku da zaure. Kwanan baya sai ga wasu ma'aikata da takarda, wai kuɗin gida ne aka yanka masa, kuma abin da aka rubuta masa daidai yake da na maƙwabcinsa mai bene da shaguna a ƙasa. Yana so a ba shi tarihin wannan kuɗi, don shi dai tun tasowarsa a ƙauye bai taɓa jin an ce a biya wa ɗakin kwana haraji ba. Sa'an nan yana tambaya, shin talaka yana da inda zai kai kuka in an yanka masa abin da ya fi ƙarfin gidansa?

To malam, mun gode da takardarka, Allah kuma ya kawo mana zaman lafiya. Amsar tambayarka ta biyu a taƙaice ita ce e, akwai inda ake kai kuka. Amma bari mu fara da ta farkon, domin sai ka ji inda abin ya samo asali za ka gane dalilin da ya sa mutanenmu da yawa ba su san da wannan ƙofa ba.

Mamakin da ka yi yana kan hanya. A fiƙihu babu zakka a kan gidan da mutum yake zaune a ciki, kamar yadda babu a kan tufafinsa da dokin hawansa. Zakka tana kan amfanin gona, da dabbobi, da kuɗi, da kayan ciniki. Ita kuwa kalmar haraji daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta kuɗin ƙasar noma ne. Lokacin da Musulmi suka ci ƙasar Iraƙi, Sayyidina Umar ya ƙi rarraba gonakin ga mayaƙa, ya bar su a hannun masu su, ya aika Usman ɗan Hunaifu ya auna ƙasar aka ɗora mata haraji gwargwadon abin da take bayarwa. An ruwaito har ya tambayi ma'aikatansa ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Daga baya Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafi sukutum a kan haraji, inda ya shawarce shi ya riƙa zama da kansa lokaci lokaci yana sauraron waɗanda aka zalunta. Ka ga ke nan tun can awo da sauraron kuka tare suke tafiya da haraji.

A ƙasar Hausa kuwa sarakuna suna da kuɗaɗe iri iri: kuɗin ƙasa, da jangali, da kuɗin rafi, da kuɗin sana'a. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa kowane mai gida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace rijiyar marina kuwa wuri 700. Lura da kyau, mai gida aka ƙirga, watau magidanci da iyalinsa da gonarsa. Ba wanda ya je ya ƙirga masa ɗakuna ko ya duba ko soro ne ko bukka. Ƙasa ce da jinka da ƙarfin 'yan'uwa suke gina gida, don haka ba a ɗauke shi dukiyar da za a yi wa kuɗi ba.

Kuka kan haraji kuma tsohon abu ne a ƙasarku ta Zamfara. A shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka zauna a Alkalawa, Zamfarawa suka koma masu biya. A cikin wannan hali ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. Wajen 1788, ranar Babbar Salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi masu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, biyu daga ciki su ne a saki waɗanda ke ɗaure, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amsa. Daga baya a littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da sarakuna ke karɓa ba bisa shari'a ba. To wannan ita ce hanyar kuka ta farko da kakanninmu suka sani: a sami malami ko dattijon da sarki ke jin kunyarsa ya yi magana da yawun jama'a.

Hanya ta biyu ƙafa ce. A wancan zamani daji yana da faɗi, mutane ne ke da ƙaranci, sarkin da talakawansa suka watse kuwa ya zama sarkin kango. In an matsa wa mutum, sai ya bari kaka ta wuce, ya ɗora wa jaki kaya, ya shiga ƙasar wani sarkin ya sari daji. Tungaye da yawa neman gona ne ya kafa su, wasu kuma gudun matsi ne. Sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum, watau Sarkin Zamfara da Sarkin Mafara da Sarkin Danko, kowanne ya san in ya tsananta maƙwabcinsa ne zai ƙaru. Ba alƙali, ba takarda, amma wannan tsoro ya yi wa talaka aikin ɗaukaka ƙara shekara da shekaru.

Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Lugga ya tara manyan gari ya gaya masu cewa ikon ɗora haraji ya dawo hannun Ingila. Aka yi dokar 1904, sa'an nan babbar dokar 1906 wadda ta nemi a dunƙule ƙananan kuɗaɗen nan su zama abu guda. Tsakanin 1909 da 1911 aka kafa baitulmali, aka fara da Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sarakuna da hakimai suka koma kan albashi. Anka da Gummi da Bukkuyum duk suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuɗinsu can yake tafiya, a farkon lamari galibi rabi na gwamnati rabi na En'e.

Yadda ake yankawa shi ne abin da ya kamata ka riƙe, don nan gizo ke saƙa. Bature zai fito rangadi da tafinta da malamai, ya sauka a gari, a ƙirga magidanta, a auna wasu gonaki, a tambayi damin gero nawa ake samu da nawa ake sayarwa, a duba masaƙa da maƙera da dabbobi. Daga nan sai ya ƙiyasta abin da garin gaba ɗaya yake samu a shekara, ya yanka wani kaso, wanda a ƙa'idar Lugga bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wannan dunƙulallen kuɗi shi ake ɗora wa gari. Hakimi, wanda ku a ƙasar Sakkwato kuke ce wa uban ƙasa, ya sauke wa dagaci, dagaci ya sauke wa masu unguwa, su kuma su raba wa magidanta yadda suka ga ƙarfin kowa. A takarda abin yana da kyau, don ai mai unguwa ya fi Bature sanin wanda rumbunsa ya cika da wanda ɗan sa ya mutu. A aikace kuwa sau da yawa kashin dankali aka yi, manya a sama ƙanana a ƙasa. Surukin dagaci a sassauta masa, wanda suka yi rigimar gona a lafta masa.

To ina mutum zai kai kuka a irin wannan tsari? In an rage maka, dole a ƙara wa wani a unguwarku, tunda jimlar gari ba ta motsi. Wanda za ka kai wa ƙarar shi ne wanda ya yanka maka. Gaskiya ne an umarci Di'o da Razdan su saurari talakawa in sun fito rangadi, akwai kuma waɗanda suka saurara har aka tuɓe dagatai saboda cin kuɗin haraji. Sai dai kafin maganarka ta kai kunnen Bature sai ta bi ta bakin tafinta, wakilin hakimi yana zaune yana kallonka, gobe Bature ya hau dokinsa ya wuce, kai kuma kana nan da dogari. Rangwamen da aka fi samu na gari ne gaba ɗaya, in an yi fari ko fara ta ci amfani, shi ma sai hakimi ya yarda ya rubuta. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin yadda ake ɗaga hammatar yaro a duba ko ya isa biya, da yadda ake shanya magidanci a rana, da yadda akuya da tukunyar mata ke fita kasuwa. Kuma tunda sule ake so ba wuri ba, ba hatsi ba, sai noman gyaɗa da auduga da tafiya cin rani suka zama dole, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Takardar haraji ta zama kamar fasfo, ba ka fita nesa ba tare da ita a aljihu ba.

Kuɗin gida da sunansa ya ɓulla ne a Kano wajen 1909, lokacin da Turawa ke gwajin tsarin taki, inda malaman taki ke auna gonaki da ƙafa. Shi ma ɗin ba kimanta gini aka yi ba, kuɗi ɗaya ne aka ɗora wa kowace ƙofar gida, mai soraye goma da mai bukka biyu duk ɗaya. Ka ji ko, abin da kake kuka da shi yau ya haura shekara ɗari. Bai zama ginshiƙi ba, aka ci gaba da dogaro da harajin magidanta da jangali.

Turawa suna da dalilin taka-tsantsan da harajin ɗaki, don sun ƙone a Saliyo. A farkon 1898 Gwamna Cardew ya ɗora sule 5 a kan kowane ƙaramin gida, sule 10 a kan babba. Sarakunan ƙasar ba su fara da yaƙi ba, takardun koke suka fara rubutawa, suna cewa wanda ya biya kuɗi kan ɗakinsa ya zama ɗan haya a gidan ubansa. Ba a ba su amsar da ta gamsar ba, sai Bai Bure da mutanensa suka shiga daji, aka yi watanni ana gwabzawa, aka rasa rayuka masu yawa. An kama shi a ƙarshen shekarar aka kai shi Gwalkwas, bai dawo gida ba sai 1905. Mai binciken da Ingila ta aiko ya ɗora laifin a kan harajin, amma duk da haka ba a soke shi ba. Su kansu Turawan a ƙasarsu sun taɓa yin harajin taga daga 1696 har 1851, wai don ma'aikaci ya tsaya a titi ya ƙirga ba sai ya shiga ba, mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo suna zama a duhu. Mun kawo wannan ne don ka ga matsalar mai kimantawa ɗaya ce ko'ina: abin da ya hango daga waje shi yake yi wa kuɗi. Balle gidan Bahaushe, wanda baƙo namiji iyakarsa zaure.

A gida Nijeriya aka yi dokar haraji ta 1940, sa'an nan Jihar Arewa ta yi tata a 1962, amma ginin bai sake ba. Abin da ya sake shi ne siyasa ta shigo. Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, rabon haraji ya zama bulala. Ɗan tireda ko tela da aka san yana bin Malam Aminu Kano sai ya wayi gari an sa shi cikin masu arziki an ninka masa, in ya kasa biya kotun alƙali tana jiransa, ita ma ta En'e ce. Wannan ne ya sa soke haraji ya zama taken 'yan sawaba na kusan shekara talatin. A farkon Oktoban 1979 gwamnonin PRP biyu, Alhaji Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali, jihohin Arewa da yawa suka bi sahu. Bayan sojoji sun dawo a ƙarshen 1983 an farfaɗo da shi a wasu jihohi, wani wuri da sunan kuɗin raya ƙasa, sai dai bai sake yin ƙarfin da ba. A ganinmu an yi abin kirki da aka cire wa talaka wannan ƙaya, amma an bar baya da ƙura ta wani gefen. An soke harajin ba tare da an taɓa koya wa jama'a cewa wanda aka yanka wa kuɗi yana da haƙƙin ya ce a nuna masa lissafi ba. Daga tsoron dogari aka tsallaka zuwa kuɗin mai da ke zuwa daga sama kowane wata, ƙananan hukumomi suka daina damuwa da aljihun talaka, shi ma ya daina tambayarsu.

Yanzu mu zo kan takardar da ke hannunka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya rufe babin En'e, Anka da Gummi suka zama ƙananan hukumomi a Jihar Sakkwato ta lokacin, daga baya aka cire Bukkuyum daga Gummi, ranar 1 ga Oktoba 1996 kuma aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Masu gyaran sun sa ran kuɗin gidaje zai zama babbar hanyar samun kuɗin ƙananan hukumomi, kamar yadda yake a Ingila. Tsarin mulkin 1979 ya rubuta haka, na 1999 ya maimaita a jadawali na huɗu: aikin ƙaramar hukuma ne ta kimanta gidajen jama'a domin karɓar kuɗin da Majalisar Dokokin jiha ta ƙayyade. Kalmomi biyu ne a nan, kimantawa da ƙayyadewa. Dole a sami dokar jiha da ta faɗi yadda za a lissafa, dole kuma a kimanta gidan. A 1998 gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 21 wadda ta jera abin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta sa kuɗin gidaje a jerin ƙananan hukumomi, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji.

A wannan shekara ta 1998 Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'a da ta taso daga Kano. Gwamnatin jihar ta ba kamfanin masu kimanta gine-gine na Knight Frank & Rutley kwangilar tsara jerin gidajen birnin da darajar kowanne don a riƙa karɓar kuɗi. Daga baya kwangilar ta rushe, kamfanin ya kai ƙara. Kotu ta ce tun farko jiha ba ta da hurumin ba da wannan aiki, na ƙananan hukumomi ne. Darasin da mai gida zai ɗauka shi ne, ko gwamnatin jiha ba ta yanka kuɗin gida yadda ta ga dama, balle wani mai riga da kati a wuya. Wasu jihohi, kamar Legas tun 2001, sun haɗa kuɗin gida da kuɗin fili wuri guda jiha tana karɓa da yawun ƙananan hukumomi, suka kuma kafa kotun sauraron ƙorafin kimantawa ta musamman. Saboda haka doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha, sai ka nemi ta inda kake zaune. Kada kuma ka haɗa shi da kuɗin fili na shekara shekara da mai takardar mallaka ke biyan jiha a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, wannan daban ne.

Yadda abin yake a galibin dokokin shi ne, ma'aikacin kimantawa ya bi gida gida ya tsara jeri, kowane gida da sunan mai shi da girmansa da abin da ake yi a ciki, da ƙiyasin hayar da zai iya kawowa a shekara ko darajarsa in za a sayar. A kafe jerin inda jama'a za su gani, a ba da wa'adi na masu ƙorafi, sa'an nan a fara karɓa. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Ku mutanen Tungar Daji kun ga irinsa da idonku, ko da yake ba na haraji ba ne. A 2010, da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, ma'aikata sun bi gidajen Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da naku garin, suna auna ƙasar kowane tsakar gida, suna kankarewa suna zuba sabuwa. An kwashe watanni ana yi a ƙauyuka bakwai kacal, Bagega ma sai 2013 aka kai gare ta. To ina ga birni sukutum? Shi ya sa hukumomi da yawa suke bin gajeriyar hanya, a ce duk gidan da ke layi kaza naira kaza, kamar dai kuɗin ƙofa na 1909. A ƙauye kuwa, inda ba mai haya kuma ba kasafai ake sayar da gida ba, ma'aunin haya ba shi da abin kamawa, wannan ne ya sa ka girma ba ka taɓa ganin takardar ba.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci abin da kowa a yankinku ya sani. Harajin da ya fi ci wa mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum tuwo a ƙwarya a 'yan shekarun nan ba na hukuma ba ne. A Janairun 2022 kafofin labarai sun ruwaito cewa 'yan bindiga sun aika wa ƙauyuka tara na Bukkuyum takardu, kowane gari da kuɗin da aka yanka masa. Dubi siffar abin: dunƙulallen kuɗi a kan gari, mai gari ya raba wa magidanta, wanda ya kasa a sayar da abin da ya mallaka. Tsohon tsarin nan ne ya dawo, ba rasit, ba rangwamen fari, ba ko Di'on da za a tare a hanya. Mutane kuma sun koma wa hanyar kakanni ta ƙafa, kamar yadda kai ma ka yi, sai dai yanzu dajin da ake gudu cikinsa shi ake gudu daga gare shi.

Ita kuwa takardar hukuma tana da ƙofa, ga yadda ake ƙwanƙwasa ta. Da farko kada ka yaga ta, kada kuma ka miƙa wa kowa kuɗi a ƙofar gida ba rasit na hukuma. Duba ko akwai sunan hukumar, da sunanka ko lambar gidanka, da shekarar da ake nema, da kwanan wata. Kwanan watan nan shi ne ran maganar, don wa'adin ƙorafi gajere ne, a wasu dokokin wata ɗaya ne kacal, in ya wuce ka yi ihu bayan hari. Ka je sashen kuɗin shiga na sakatariya da kanka ka ce a nuna maka dokar da aka dogara da ita da kuma inda gidanka yake a jerin. In babu jeri, ko an rubuta gidanka a matsayin wurin kasuwanci alhali iyali ne a ciki, ko an ƙara masa ɗakunan da babu, to ka sami abin riƙewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a ofis sani ba ya isa sai da shaida: takardar sayen filin, da hotunan gidan ciki da waje, da abin da ake biyan haya a gidaje irin naka a unguwar, da shaidar mai unguwa. Ka rubuta ƙorafinka a takarda, Hausa ma ta isa in ba ka da mai rubuta maka da Turanci, ka faɗi abin da aka yanka da abin da kake ganin daidai ne da dalilinka. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Maganar maƙwabcinka mai bene ka kawo ta a matsayin ma'auni kawai, cewa gida mai shaguna da gida mai ɗaki uku ba za su kawo haya ɗaya ba. Kada ka mai da ita ƙarar maƙwabci, don zama ya fi kuɗin.

Ka sani kuma ƙorafi ba ya nufin ba za ka biya komai ba. Wasu dokokin ma sun sa sharaɗin a ajiye wani kaso kafin a saurari mutum, saboda haka ka tambaya tun ranar farko. In kun kai ku biyar ko goma a layinku da kuka iri ɗaya, ku tafi tare da mai unguwa da kansilanku, an fi jin taro. In ofis ya yi shiru ko ya ƙi, akwai kotun kimantawa a jihohin da dokarsu ta kafa ta, bayanta akwai Babbar Kotun jiha. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya fara kai kukansa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a babban birnin kowace jiha har da Gusau, kuma ba a biyan ko kwabo wajen shigar da koke. Ka tafi da kwafin nan mai hatimi, shi za su fara tambayarka.